Yusef Lateef: Gwanin kiɗan jaz da ya shekara huɗu a Zariya yana nazarin sarewa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Kafur, Malumfashi ko Funtuwa ya san muryar sarewa. Idan an kawar da amfanin gona, shanu suka shiga cin kara da karmami, can da la'asar sakaliya sai ka jiyo ta daga nesa, wani yaro makiyayi na busawa a gindin bishiya. Mu da muka saba jin ta ba mu cika tsayawa mu saurara ba.

Amma a watan Agustan 1981, wani Ba'amurke ɗan shekara 60, wanda sunansa ya riga ya zagaye duniya a fagen kiɗan jaz, ya ɗauko iyalinsa ya sauka a Zariya saboda wannan sarewar. Sunansa Dokta Yusef Abdul Lateef. Shekara huɗu cur ya yi a Jami'ar Ahmadu Bello yana nazari a kanta.

A cikin waɗannan shekaru ya ɗauki wani faifai mai suna Hikima tare da makaɗan Najeriya. Faifan ya fita a 1983, daga nan ya yi ɓatan dabo, sai bayan shekara 36 wani ƙaramin kamfani a ƙasar waje ya sake buga shi. Tarihin Lateef na mutum ne da bai daina neman ilimi ba har tsufansa. A cikinsa kuma akwai darasi kan abin da ke sa sauti ya rayu ko ya salwanta bayan mai shi ya kwanta dama.

Yaron Detroit

An haife shi ranar 9 ga Oktoban 1920 a garin Chattanooga da ke Jihar Tennessee a kudancin Amurka, aka raɗa masa suna William Emanuel Huddleston. Zamani ne da baƙaƙen fata ke ta ƙaura daga kudu zuwa biranen arewa, suna guje wa wariyar launin fata, suna kuma neman aiki a masana'antu.

Iyayensa ma sun bi wannan ayari. Sun fara zama a Jihar Ohio, sannan a 1925 suka kafa gida a Detroit, birnin ƙera motoci. A can ne mahaifinsa ya sauya sunan gidansu zuwa Evans. Shi ya sa a tsofaffin fayafayan da ya yi busa a ciki ake ganin sunan William ko Bill Evans, abin da kan rikita sababbin masu tara fayafayai, domin akwai wani shahararren makaɗin fiyano Bature mai wannan suna.

Detroit ta wancan lokaci cike take da makaɗa. A makarantar sakandare ta Miller ya fara busa saksofon, wato wani abin busa na tagulla mai lanƙwasa da faffaɗan baki. Yana gama makaranta, yana ɗan shekara 18, ya shiga yawon kiɗa gari-gari tare da ƙungiyoyi daban-daban. A 1949 ya samu shiga babbar ƙungiyar Dizzy Gillespie, ɗaya daga cikin jagororin sabon salon jaz na wancan zamani. Ga matashin mabushi, wannan tamkar a ce yaron makaɗi ya samu gurbi ne a ƙungiyar makaɗan fada.

Me ya sa ake tara fayafayan jaz?

Kiɗan jaz ya samo asali ne a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, musamman a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. An fara ɗaukar sa a faifan garmaho a 1917.

Abin da ya bambanta shi da yawancin kiɗan Turawa shi ne ƙirƙira nan take. Makaɗa kan ɗauko karin da kowa ya sani su fara shi tare, sannan kowa ya karɓa bi da bi, ya yi ta juya shi yadda zuciyarsa ta ba shi a wannan lokacin.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan. Haka marigayi Dokta Mamman Shata yake yi. Kalangu na tashi, 'yan amshi na riƙe da amshi, shi kuwa yana ƙago baitoci a tsaye gwargwadon wanda ya gani a filin. In ya sake waƙar gobe a wani gari, ba za ta fito daidai da ta jiya ba.

To haka jaz yake. Busar daren Talata daban, ta daren Laraba daban. In ba a ɗauka ba, ta tafi ke nan. Wannan ne ya sa masoya jaz suka zama mutane masu tsananin adana abu. Tun a 1936 wani Bafaranshe mai suna Charles Delaunay ya wallafa kundi da ke jera fayafayan jaz ɗaya bayan ɗaya, da ranar da aka ɗauki kowanne, da garin, da sunan duk wanda ya taɓa ganga ko ya yi busa a ciki. Al'adar ta ɗore har yau. Saboda ita ne ake iya faɗin ranar da Lateef ya shiga ɗakin ɗaukar sauti shekara 60 da suka wuce, da waɗanda suka shiga tare da shi.

Sabon addini, sabon suna

A wajajen 1950 ya karɓi Musulunci ta hannun 'yan Ahmadiyya, waɗanda a lokacin suke wa'azi a unguwannin baƙaƙen fata na biranen Amurka. Ya ajiye sunan William Evans ya koma Yusef Abdul Lateef. Ba shi kaɗai ba ne. Makaɗan jaz da dama sun ɗauki sunayen Musulmi a shekarun nan, ciki har da makaɗin fiyano Ahmad Jamal da makaɗin ganga Art Blakey, wanda aka sani kuma da Abdullah ibn Buhaina. Lateef ya riƙe addininsa har ƙarshen rayuwarsa, kuma ya sauke farali sau biyu.

A 1950 ya bar yawon kiɗa ya koma Detroit, ya shiga Jami'ar Wayne yana koyon tsara kiɗa da busa sarewar Turawa. Ya yi aiki a masana'antar motoci ta Chrysler domin ciyar da iyali. A nan ya haɗu da wani abokin aiki ɗan Siriya da ya haɗa masa rababa, kayan kiɗan Larabawa mai tsirkiya, dangin goge da kukuma. Ya kuma riƙa zuwa ɗakin karatu na birnin yana binciken kiɗan Larabawa, Indiya, Sin da Japan.

Sakamakon wannan bincike ya bayyana a 1957, shekarar da ya fara fitar da fayafayai da sunansa a kamfanin Savoy. Masu sauraro suka ji abin da ba su saba ji a jaz ba. Ga rababa, ga wata tagwayen sarewa ta Masar da ake kira argul, ga obo, wadda muryarta ke kama da ta algaita. A wani faifan ma har kwalbar lemo da balan-balan ya sa aka yi kiɗa da su. Wasu suka ɗauki abin wasa. Shi kuwa a wurinsa duk abin da ke fitar da sauti ya cancanci a saurare shi.

Faifan da ya fi yin suna

A 1960 ya koma New York. Ranar 5 ga Satumban 1961 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke Jihar New Jersey tare da mutum uku: Barry Harris a fiyano, Ernie Farrow a babbar garayar Turawa da rababa, sai Lex Humphries a ganguna. A rana ɗaya suka gama faifan Eastern Sounds, wato sautukan Gabas. Ya buɗe shi da busar wata sarewar yumɓu ta ƙasar Sin mai siffar ƙwai.

Wannan faifai shi ne ya fi kowane nasa yaɗuwa. An sake buga shi sau da yawa, a faifan garmaho, a faifan CD, yanzu kuma yana kan manhajojin sauraron kiɗa na waya. Matasan mawaƙan zamani a Amurka da Japan sun yanko guntayen sautinsa sun gina nasu kiɗan a kai.

Daga 1962 zuwa 1964 ya yi aiki da ƙungiyar Cannonball Adderley, har suka je Japan a 1963. Daga nan ya ci gaba da nasa, yana fitar da fayafayai a kamfanin Impulse, sannan a Atlantic, inda ya yi kusan shekara goma.

Abin mamaki shi ne, mutumin da duniya ke kira gwanin jaz ba ya son kalmar jaz ko kaɗan. Yana ganin kalma ce da aka ɗora wa kiɗan baƙar fata domin a ƙasƙantar da shi. Sai ya ƙirƙiro wa kiɗansa wani dogon suna da ke nufin sautin da ke fitowa daga jikin mutum da tunaninsa da ruhinsa.

Ya san Najeriya kafin ya tako ta

Tun kafin ya zo Zariya da shekara 20, Lateef ya riga ya yi mu'amala da makaɗan Najeriya a New York. Ya yi busa a fayafayan Babatunde Olatunji, makaɗin gangar nan Bayarabe da ya yi suna a Amurka. A ƙarshen 1960, shekarar da Najeriya da Nijar da wasu ƙasashen Afirka da yawa suka samu 'yancin kai, yana cikin waɗanda suka yi faifan Uhuru Afrika na Randy Weston, wanda aka shirya domin murnar 'yancin nahiyar. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta wannan faifai daga baya.

A 1962 kuma ya yi busa a faifan The African Beat na Art Blakey, tare da Solomon Ilori, wani ɗan Najeriya makaɗin gangan Yarabawa, wadda ita ce 'yar'uwar kalangu.

Duk da wannan suna da ya yi, bai bar aji ba. Ya samu digirinsa na farko a 1969 a Makarantar Kiɗa ta Manhattan, yana dab da shekara 50, ya samu na biyu a 1970. A 1975 ya kammala digirin digirgir a fannin ilimi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, inda ya rubuta kundinsa kan tsarin ilimin Turawa da na Musulunci.

A wajajen 1980 ya yanke wata shawara mai nauyi: ya daina busa a duk wurin da ake sayar da giya. Ga mabushin jaz, wannan rufe babbar ƙofar abinci ce, domin a gidajen rawa na dare ne yawancinsu ke samun na tuwo. Bai ja da baya ba. Ba a jima ba sai ga shi a kan hanyar Najeriya.

Shekara huɗu a Zazzau

Daga Agustan 1981 zuwa Agustan 1985, Lateef ya riƙe muƙamin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ayyuka uku aka ɗora masa. Na farko, bincike kan sarewar Fulani. Na biyu, koyar da jami'an raya al'adu dabarun bincike. Na uku, aiki tare da makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo na cibiyar, inda ya sa hannu a wasan Sarauniya Amina da aka kai har birnin Sofiya na ƙasar Bulgeriya.

Ga mutumin da ya shekara 30 yana busa sarewar ƙarfe mai maɓallai barkatai, sarewar makiyayi wata makaranta ce daban. Kara ne ko gora da aka huda wa 'yan ƙofofi kaɗan. Duk sauran aikin yana ga leɓe da numfashi da yatsun mai busa. Dattijon da manyan ɗakunan taro na Turai da Amurka suka sha tafa wa, sai ga shi ya koma ɗalibi a gaban mabusan karkara.

Binciken bai tsaya a kan sarewa kaɗai ba. Shi da abokin aikinsa Ziky Kofoworola sun rubuta littafi da Turanci kan kiɗa da wasannin Hausawa, mai suna Hausa Performing Arts and Music, wanda ya fito a Legas a 1987. Har yau ɗalibai masu bincike kan kiɗan Hausa na ambaton sa, tare da ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971.

Fayafayai biyu, kowanne da rabonsa

Zamansa a Najeriya ya haifar da fayafayai biyu, kuma abin da ya faru da kowannensu ya isa abin lura.

Na farko shi ne In Nigeria, wanda ya ɗauka a Legas a 1983 tare da makaɗan ganguna na ƙasar nan. Ya fito a Amurka a 1985 a kamfanin Landmark na Orrin Keepnews. Shi Keepnews tsohon hannu ne a harkar raya tsofaffin fayafayai, domin kamfanin Riverside da suka kafa a 1953 ya fara ne da sake buga jaz na shekarun 1920. Faifan da ya faɗa hannun irin wannan mutum ya shiga kantuna, ya shiga kundayen masana, ya shiga ɗakunan karatu.

Na biyu shi ne Hikima, wanda cibiyar ta Zariya ta fitar da kanta a 1983. Cibiyar bincike ba kamfanin kasuwanci ba ce, ba ta da dillalai a Landan ko Tokyo. Ga shi kuma lokacin ya zo daidai da sa'ar da kaset ke korar faifan garmaho daga kasuwannin Najeriya. Sai faifan ya zama abin da ko a cikin masoya Lateef kaɗan ne suka taɓa riƙe shi a hannu.

Masu tara fayafayai su suka hana sunansa ɓacewa. A 2019, shekara shida bayan rasuwar Lateef, kamfanin Key System Recordings ya sake buga shi. A yau wani a Jamus ko Japan na iya mallakar faifan da aka haifa a Zariya, mai suna da Hausa, alhali da wuya ka samu wanda ya taɓa jin labarinsa a Samaru ko Sabon Gari, balle Funtuwa, wadda tafiyar kusan awa ɗaya ce kawai a mota daga can.

Yadda ake raya tsohon faifai

Sake buga tsohon faifai na buƙatar abu uku. Na farko shi ne tef ɗin asali, wanda a kansa aka fara ɗaukar sautin, daga shi kuma ake kwafar sauran. In babu shi, sai a nemo kwafi mafi tsabta a hannun wani mai tarawa. Na biyu shi ne bayani: wa ya yi, yaushe, a ina. Na uku shi ne izini daga mai haƙƙi, ko kamfani ne ko magada.

Masu tarawa na da nasu ilimin. Sukan bambance bugun farko da na baya ta launin takardar da ke tsakiyar faifai da adireshin kamfanin da aka rubuta a kai. Sukan karkata faifan a haske su duba gefen da babu kiɗa, ko za su ga tambarin Van Gelder, alamar cewa shi da kansa ya yanka uwar faifan. Ƙarzuwa ɗaya na iya karya farashi. Akwai kuma shafin intanet na Discogs, inda suke jera abin da suka mallaka suna saye da sayarwa a tsakaninsu.

Ko a Amurka ma ana tafka asara. A 1978 gobara ta cinye wani ɗakin ajiya na kamfanin Atlantic a New Jersey, ta tafi da tarin sautukan da ba a taɓa fitarwa ba. A ranar 1 ga Yunin 2008 wata gobarar ta tashi a harabar Universal da ke Kalifoniya, inda ake ajiye tef na asali na kamfanoni da dama, ciki har da Impulse. Waɗannan biyun duk kamfanoni ne da Lateef ya yi wa aiki.

Amma inda aka adana da kyau, riba na biyo baya. A 1972 gidan rediyon Faransa ya ɗauki wani wasa da Lateef ya yi a garin Avignon. Tef ɗin ya zauna a ma'ajiyar sauti ta ƙasar shekara 52, sai a 2024 kamfanin Elemental ya fitar da shi da sunan Atlantis Lullaby. 

Komawa gida

Bayan ya bar Zariya, Lateef ya koma Jihar Massachusetts, ya ci gaba da koyarwa a jami'a daga 1987 zuwa 2002. A 1987 ya fitar da faifan Little Symphony, wanda shi kaɗai ya kaɗa ya busa duk abin da ke ciki, kuma ya ci masa lambar yabo ta Grammy.

A 1992 ya kafa nasa kamfanin mai suna YAL, daga haruffan farko na sunansa. Bayan shekara 35 yana yi wa kamfanonin wasu aiki, ya ga gara ya riƙe haƙƙin sautinsa a hannunsa. Ya rubuta kiɗa ga manyan ƙungiyoyin makaɗa na Amurka da Jamus, ya wallafa littattafan koyon kiɗa da ƙagaggun labarai, ya kuma yi zane-zane. Tarihin rayuwarsa ya fito a 2006. A 2010 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girmamawa mafi daraja da ake bai wa makaɗin jaz a ƙasar, duk da ƙin jinin da yake yi wa kalmar.

Ya ci gaba da busa har ya haura shekara 90. Ya rasu ranar 23 ga Disambar 2013 a gidansa da ke Shutesbury, yana da shekara 93. Takardunsa da wasu kayansa suna ajiye a Jami'ar Vanderbilt da ke Tennessee, jihar da aka haife shi.

Namu fa?

Shekara uku bayan tafiyar Lateef, a 1988, jami'ar da ta karɓi baƙuncinsa ta bai wa Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa. Shata ya yi shekaru masu yawa zaune a Funtuwa, ya rasu a Yunin 1999. Shi kansa bai san adadin waƙoƙin da ya yi ba. Wasu sun fito a fayafayan kamfanin EMI, wasu gidajen rediyo suka ɗauka, irin su Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962. Da yawa kuwa wani ne kawai ya ajiye rikodarsa a gaban makaɗa a wurin biki ya danna.

An yi ƙoƙari. Littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa uku ya fito a 2006, kuma akwai masu kishi da suka shafe shekaru suna bin gari-gari suna tara waƙoƙinsa. To amma Shata mutum ɗaya ne. Akwai Ɗanƙwairo, akwai Ɗan Anace, akwai Ɗan Maraya Jos, akwai kuma ɗaruruwan makaɗan noma da na mata da na 'yan dambe waɗanda sunansu bai wuce gundumarsu ba.

Yawancin abin da ya rage na waɗannan yana yawo ne a katin waya. Ka je wurin masu tura waƙoƙi a tasha ko bakin kasuwa, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba za a cika maka kati. Amma sautin an matse shi har ya dusashe, babu shekara, babu sunan garin, babu sunan makaɗi ko ɗan amshi ko ɗaya. Wani lokaci ma sunan mawaƙin kansa ba daidai ba ne. Kaset ɗin da aka kwafo daga gare shi kuwa, zafi da ƙura da danshin damina suna cin sa a hankali.

Ba sai an je Amurka ba kafin a ga amfanin kaset ɗaya da ya tsira. A 1978 Mamman Sani na Nijar ya ɗauki wani kaset na kiɗan fiyanon lantarki a Yamai. Wani mai bincike ya ci karo da kwafinsa a wani ɗakin ajiya bayan shekara fiye da 30, kamfanin Sahel Sounds ya sake buga shi a 2013, sai ga dattijon ana gayyatar sa wasa a Turai.

Saboda haka duk wanda ke da kwalin kaset ko fayafayan garmaho da ya gada a ƙarƙashin gado, kada ya zubar, kada kuma ya bai wa yara su ja zaren. A nisanta su da rana da danshi. Fayafayai a jera su a tsaye, kada a ɗora wani kan wani. In za a kwafa, a kwafa da cikakken sauti kafin a matse na tura wa abokai, a kuma ajiye na asalin.

Abu mafi gaggawa shi ne bayani. Dattijon da ya halarci bikin da aka yi waƙar, wanda zai iya cewa a shekara kaza ce, a ƙofar gidan wane, kuma wane ne ke riƙe da kalangu, yana nan da ransa a yau a Kafur ko Bakori ko Danja. A zauna da shi, a kunna masa kaset ɗin, a rubuta abin da ya faɗa a jikin kwalin. Haka nan yaron da ke busa sarewa a bayan gari: wayar da ke hannunka ta isa ta ɗauke shi. In ya yarda, ka ɗauka, ka rubuta sunansa da garinsu da kwanan wata.